Na ci jarrabawar rubutu, amma na faɗi a bakin gadon majinyaci

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 24, ina ajin ƙarshe a wata makarantar koyon aikin likita a nan Legas, gidanmu kuma yana Agege. Sakamakonmu ya fito makon jiya. A fannin cututtukan cikin jiki na samu 63 a rubutu, amma a jarrabawar gwaji da muke kira OSCE 44 na samu, don haka aka ce na faɗi fannin gaba ɗaya, sai na sake zama nan da mako goma. Tasha goma sha biyu ce, wato wurare goma sha biyu da ɗalibi ke bi ɗaya bayan ɗaya yana yin aikin da aka sa shi, kowace minti biyar. A wata tashar an ce in duba cikin wani magidanci. Kunya ta kama ni, na kasa ce masa ya ɗaga riga, na yi ta lalube ta saman singileti har ƙararrawa ta buga. Malamin da ke ba da maki fuskar nan a murtuke, ko uffan bai ce ba, har na fara zargin ko hijabina ne bai yi masa ba. A ta gaba wata tsohuwa ce da Turancinta bai taka kara ya karya ba, tana haɗawa da Yarbanci. Daga nan kaina ya ɗaure, sauran ma ban san me na yi ba. Mahaifina ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12, shi ya ɗauki nauyina shekara shida, abokansa duk "Likita" suke ce mini, har yau na kasa gaya masa. Yanzu wata ƙawata ta ce akwai wanda zai sayar mana da jerin tashoshin ana gobe za a sake zama. Ko barci ba na iya yi. Anya aikin nan ya dace da ni kuwa? Me zan yi?

Wata ɗaliba, daga Agege

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da jarrabawa, ta makaranta da ta zuciya. Allah ya sa kaffara ce.

Tambayarki ta ko aikin nan ya dace da ke ita ce mai sauƙin amsa. Wadda ta ci 63 a rubutu a ajin ƙarshe ta san aikin a ka, saura ya sauko hannu da baki. A 1990 wani malamin likitoci a Amurka, George Miller, ya kasa ƙwarewar likita hawa huɗu: sani, sanin yadda ake yi, nuna yadda ake yi, sai kuma yi a bakin aiki yau da gobe. Jarrabawar rubutu hawa biyun farko take aunawa, OSCE kuwa na uku. Wannan hawan da maimaici ake hawansa, kuma maki shida ne kacal tsakaninki da 50, makin ci. Mako goma ya isa, in dai ba a kan littafi kika ƙarar da shi ba.

Sai malamin da ya murtuke fuska. Ba zan ce miki babu son zuciya a makarantu ba, kuma 'yar Hausawa mai hijabi a Legas ta san irin kallon da wani lokaci ake bin ta da shi. Amma abin da kika ba da labari bai isa hujja ba. Mai ba da maki a OSCE ana so ne ya kame, kada fuskarsa ta nuna an yi daidai ko an yi kuskure, don hakan ma satar amsa ce. Takardar da ke gabansa jeri ce: ta gaisa, ta faɗi sunanta, ta nemi izini, ta tsaftace hannu, ta buɗe wurin da za a duba, haka har ƙasa, shi kuma yana sa alama. Ki ƙara da cewa tun safe yake kallon ɗalibai suna yin abu ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Asali ma don a rage abin da kike tsoro aka ƙirƙiro tsarin. A da majinyaci ɗaya ake ba ɗalibi ya zauna da shi kusan awa guda, sannan malamai su titsiye shi da tambayoyi. Wanda ya dace da ciwo mai sauƙi da malami mai sauƙin kai ya tsira, wanda ya gamu da akasin haka sai ta Allah. Ronald Harden da abokan aikinsa na Jami'ar Dundee da ke Birtaniya suka wallafa sabon tsarin a 1975: tashoshi da yawa, kowace da malaminta, kowane ɗalibi aiki ɗaya a lokaci ɗaya. In makin tashoshin naku daidai yake, ko malamin nan ya tsane ki, kashi ɗaya cikin goma sha biyu ne a hannunsa.

Don haka cikin makon nan ki je wurin malamin da ke kula da jarrabawa a sashen, cikin ladabi, ki roƙi a nuna miki makinki tasha-tasha. Ina kyautata zaton za ki ga tashoshin farko ba laifi, daga tashar duba cikin nan komai ya zube. Ki kuma buɗe littafin dokokin ɗalibai ki karanta abin da ya ce kan sake zama: sau nawa aka yarda, ko har da rubutun za a maimaita, da abin da ke biyo baya in ba a ci ba. Kada ki dogara da ji-ta-ji-tar hostel. In kuwa akwai malamin da ya taɓa furta miki magana kan addininki ko suturarki, wannan daban ne, ki rubuta wa shugaban sashe da rana da wuri da abin da aka ce. A kan zato kaɗai kada ki rubuta komai.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kunyarki ba aibi ba ce, ba na kuma so ki yar da ita. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cikin da aka duba ta saman singileti ba a duba shi ba: ba ki ga tabon tiyata ba, ba ki ga cibiyar da ta turo ba, ba ki ga jijiyoyin da suka fito raɗa-raɗa ba, ba ki ga tsagar wanzami a gefen hagu ba, wadda sau da yawa ita ke fara ba da labarin tsohuwar saifa. Ki tuna da magidancin kansa. Ya yarda ya kwanta ɗalibai su yi ta taɓa shi don ku koya, gobe kuma wani irinsa zai zo miki da hanta a kumbure yana neman taimako da gaske. Malaman fiƙihu sun daɗe da yarda likita ya duba wanda ba jinsinsa ba saboda larura, gwargwadon buƙata, ba tare da keɓewa ba, kuma tarihi ya adana sunan Rufaida Al-Aslamiyya wadda ta yi jinyar masu rauni a tantinta a Madina. Abin sha'awar, ƙa'idar aikin likita ma haka ta ce: a nemi izini, a ja labule, a samu na uku a wurin, a buɗe iya abin da ake buƙata, a rufe da an gama. Duk waɗannan maki ne a takardar malamin. In har zuciyarki ba ta natsu ba, ki zauna da malamin addinin da kika yarda da iliminsa ki warware wannan tun yanzu.

Abin da ya ɗaure ki a ranar, a ganina, rashin shiryayyar jimla ne a bakinki. Ki tsara ta tun a gida: "Baba sannu, sunana wance, ɗalibar likita ce. An ce in duba cikinka. Zan so ka ɗaga riga zuwa ƙirji, zan rufe maka ƙasa da zane, ga kuma ma'aikacin jinya tare da mu. Ka yarda?" Ki mayar da ita Turanci da Turancin buroka, ki yi ta faɗa a bayyane har ta zama kamar gaisuwar safe. Bakin da ya saba ba ya jiran zuciya ta daina bugawa.

Bari mu bi tashar nan daga ƙofa. Ki karanta umarnin sau biyu ki gano abin da aka ce ki yi: dubawa, ko ɗaukar tarihi, ko bayani. Ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa, an ce su duba ciki sun tsaya tambayar yaushe ciwon ya fara. Kina shiga ki shafa sanitaiza inda malamin zai gani, ki gaisa, ki faɗi jimlarki, duk cikin daƙiƙa talatin. Majinyaci ya kwanta rigingine da filo ɗaya, hannuwa a gefe, a buɗe daga ƙahon zuciya zuwa mara. Ki koma ƙafar gado ki kalla: cikin yana motsi da numfashi, ya kumbura, akwai tabo? Sannan ki dawo ta damansa. Kafin ki taɓa, ki tambaye shi inda ke masa ciwo, ki murza hannuwanki su yi ɗumi, ki fara daga nesa da wurin. Ki bi sassan ciki tara a hankali da tafin hannu a shimfiɗe, sannan ki sake bi da ɗan dannawa, idonki na kan fuskarsa, don a can za ki ga zafi kafin ya faɗa. Hanta daga ƙasan dama ake fara nemanta, kina sa shi jan dogon numfashi, kina hawa da santimita ɗaya ko biyu bayan kowane numfashi. Saifa ma daga ƙasan dama ake farawa, a ratsa ta cibiya zuwa haƙarƙarin hagu, domin ta nan take girma. Wanda ya fara daga ƙarƙashin haƙarƙari zai iya ɗora hannu a tsakiyar ƙatuwar saifa ya ce bai ji komai ba. Ƙoda da hannu biyu, ɗaya a baya ɗaya a gaba. Sai ƙwanƙwasawa: daga cibiya zuwa gefe, inda sautin ya dushe ki bar yatsanki a nan, ki juya shi ta yadda wannan gefen zai koma sama, ki jira aƙalla daƙiƙa goma, ki sake ƙwanƙwasawa. In sautin ya buɗe, akwai ruwa a cikin. Ki saurari motsin hanji, ki rufe shi, ki yi godiya, ki sake tsaftace hannu, ki gaya wa malamin cewa don cikawa za ki so duba wuraren da ƙaba ke fitowa, da al'aura, da dubura. Faɗa kawai za ki yi, sai in an ce ki duba. Ki bar daƙiƙa arba'in na ƙarshe don taƙaita abin da kika samu.

Abin da malamin bai gani ba, bai kuma ji ba, ba zai rubuta ba, ko da yana nan fal a kanki. In kin ja fatar ido don neman ƙarancin jini ko shawara, ta ido nake nufi ba irin wadda nake ba ki ba, to ki faɗi abin da kike nema da abin da kika gani. Wasu sassan sun fi son a yi ta bayani ana dubawa, wasu sun fi son a tara sai ƙarshe, ki tambayi yadda naku ke so. Kuma kada ki ƙirƙiri abin da hannunki bai ji ba don kina zaton shi ake jira. Malamin ya riga ya duba majinyacin kafin ku shigo.

Ƙananan tashoshi su ne makin banza da ake zubarwa. Awon hawan jini misali: hannu a tallafe daidai da zuciya, maɗaurin ya dace da kaurin damtse, gefensa na ƙasa santimita 2 zuwa 3 sama da lanƙwasar gwiwar hannu. Ki fara da jin bugun jini a wuyan hannu, ki hura har ya ɓace, ki ƙara 20 zuwa 30 a kai, sannan ki sa abin sauraro ki saki iskar a hankali, 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa. Mai gaggawa fuu yake sakin iskar ya karanta lambar da ba ita ba. Ko a ce ki yi wa ma'aurata masu AS da AS bayanin sikila: kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin ɗari na SS. In kika ce "ɗaya cikin 'ya'yanku huɗu" kin ɓatar da su, don za su ɗauka in an samu ɗaya sauran uku sun tsira. Batun sutura kuma, ki sa ƙaramin hijabi ki cusa shi cikin farar riga don kada ya zubo kan majinyaci in kin sunkuya, hannun riga ya zama mai naɗuwa, farce a yanke, agogo mai hannun daƙiƙa. Ki saba da zura abin sauraro ta ƙarƙashin hijabi, bakinsa na kallon gaba, don kada ki ci daƙiƙa ashirin kina kokawa da shi.

Tsohuwar nan ba ta yi laifi ba, ke ma ba ki yi ba, amma wanda zai yi aikin likita a Legas dole ya tanadi guzurin harshe. Turancin buroka zai kai ki nesa, ki daina jin nauyin yin sa. Ki sa wata 'yar ajinku Bayarabiya ta koya miki jimloli ashirin. "E kaaro Ma" (ina kwana Mama) da "e pele" (sannu) kaɗai sun isa su sa tsohuwa ta saki jiki, "nibo lo n dun yin" (ina ke miki ciwo?) kuma zai sa ta nuna miki inda ke ciwo da hannunta. In duk da haka ba ku fahimci juna ba, ki nemi tafinta a fili, ba a rage maki don wannan kamar yadda ake ragewa don shiru. Ki fara da buɗaɗɗiyar tambaya ki bar ta ta yi magana, sannan ki matse: ina, yaushe, wane iri, yana tafiya wani wuri, me ke ƙara shi, me ke rage shi. In kin zo kan magunguna ki ambaci agbo, wato maganin gargajiya na Yarbawa, da na kemis da sunansu, don in kika ce "kina shan magani?" kawai, a'a za ta ce. Ranar da aka kawo ɗan dako daga Mile 12 wanda ba ya jin komai sai Hausa kuwa, ke za a yi ta nema a asibitin.

Ga yadda za ki ci makonnin nan. Ki samu mutum biyu, ku zama uku: ɗaya ɗalibi, ɗaya majinyaci, ɗaya malami da takardar maki da agogon waya a kan minti biyar. Ana bugawa a tsaya cak, ko ana tsakiyar jimla. Tasha shida a rana, kuna juyawa, kuma ki tabbata akwai namiji a cikinku ko a cikin masu kwanciya muku. Ku ɗauki bidiyon junanku ku kalla, za ki sha mamakin abin da kike tsallakewa, amma majinyaci na gaske kada ki kuskura ki ɗauke shi. Kullum ki shiga ɗakin kwanciyar maza na asibiti ki duba mutum biyu da izininsu da na nas, sau ɗaya a mako kuma ki roƙi wani babban likita ya tsaya ya kalle ki ya gaya miki gaskiya. A makonni biyun ƙarshe ku jera tasha goma sha biyu ba hutu, ku sa ɗaya mai wuya a tsakiya da gangan. Abin da za ki koya a nan shi ne barin tasha a bayan ƙofarta. Malamin da ke gaba bai san abin da ya faru a ta baya ba, takardarsa fara ce. Kafin ki karanta sabon umarni ki ja numfashi biyu, ki yi bismillah, ki shiga.

Ƙawarki mai yiwuwa tausayinki take ji, ko ita ma tsoro ne ya cika ta, don haka ba sai kun yi faɗa ba. Ki ce mata a'a sau ɗaya, a fili, kada kuma ki bari a tura miki komai a waya. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara ko ɗauri, kafin nan ma makaranta za ta iya korar ki a ajin ƙarshe, shekara shida ta bi ruwa. Mai sayarwar ma zai iya zama ɗan damfara. Ko a ce jerin na gaske ne, me ya ƙara miki? Tun yanzu kin san za a kawo ciki, da ƙirji, da zuciya, da jijiyoyi. Sanin sunan tashar ba zai ɗaga miki singiletin ba. Nan da 'yan watanni hukumar MDCN mai kula da likitocin Najeriya za ta ba ki rajistar wucin gadi ki fara shekarar horon asibiti, inda da ƙarfe biyun dare ke ce za ki fara taɓa cikin wani kafin babba ya iso.

Saura Baba. Ki gaya masa cikin kwanakin nan, kafin ya ji a bakin wani, don Agege da Mile 12 ba su da nisa a wajen labari. In ya fi miki sauƙi ki fara da Mama, amma kada ki bar ta ita kaɗai ta kai, ki zauna a wurin. Ki je masa da magana a shirye: na ci rubutu, na faɗi gwaji da maki shida, za a sake rana kaza, kuɗin kaza ne, ga abin da nake yi a kai. Zai iya yin shiru, zai iya faɗa, ki bar shi, mutumin da ya yi shekara shida yana fitar da kuɗi daga buhun albasa yana da haƙƙin jin zafi. Amma zai gane fiye da yadda kike zato. Shi ya san yaron shago zai haddace farashi a mako guda, amma sai hannunsa ya daɗe a kan buhu kafin ya matsa ya san akwai ruɓaɓɓiya a ciki. Ki roƙe shi ya yarda ki koma kwana kusa da asibiti na waɗannan makonni, don awannin da gosulo ke ci a motar danfo su ne na gwajinki, ranar jarrabawa kuma kada ki taso daga Agege da asuba. In rashin barcin nan ya wuce mako biyu, ko kika ga abinci da komai sun fita ranki, ki je asibitin ɗalibai ki faɗa, kada ki saya wa kanki maganin barci.

A ƙarshen mako in kin zo gida, ga 'yan'uwanki maza nan, muharramanki ne, ki kwantar da su ɗaya bayan ɗaya ki duba cikinsu da agogo a gefe. Baba kuma ki zo masa da abin awon jini bayan sallar isha, ki gaishe shi, ki faɗi sunanki, ki nemi izininsa kamar ba ki san shi ba, ki bar shi ya huta minti biyar, sannan ki auna ki rubuta masa lambar a takarda.